Farantai huɗun da na zubar da hannuna

A shekarata ta ƙarshe a karatun aikin gona, na shafe makonni ina kai-komo tsakanin Katsina da lambunan Ajiwa, ina tattara tumatirin da ya yi yaushi alhali ƙasa na da danshi. Idan aka tsaga karan sai a ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa, alamar fumfunar Fusarium ta toshe masa hanyar ruwa. Aikina shi ne in raine ta a farantan gilashi, in duba ko akwai wadda ita kanta bairas ya kama.

Cikin mako guda yawancin farantan suka cika fal, fari kamar auduga. Huɗu kuwa suka tsaya cak a tsakiya, bakinsu ya yi giɓi-giɓi, launinsu ya koɗe. Na ɗauka gurɓacewa suka yi, na dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, na wanke. Da na gaya wa malamina, ajiye biro ya yi, ya ce, "Ai marar lafiyar muke nema."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san labarin tun tuni. Fumfunar da aka fara lura da ita a New York a 1904 ta hallaka biliyoyin itatuwan cesnat a Amurka, amma wajen 1950 aka ga wasu itatuwa a Italiya suna warkewa, daga baya aka gano bairas ne ya raunana fumfunar. A faranti ma da launinta ake gane ta, domin mai ɗauke da bairas fari-fari take fitowa maimakon ruwan lemo. Na rubuta wannan a jarrabawa, amma da na ga irinsa a gabana sai na nufi famfo.

Na koma lambun da na ɗebo tumatirin, mai shi ya ce, "Ɗana, ai na tuge su na ƙone." Asarar ta yi girma ne domin yawancin irin wannan bairas ba ya yawo a waje, yana ratsawa ne idan zaren fumfuna ya haɗe da na 'yar'uwarta da jininsu ya zo ɗaya. Wannan na cikin dalilan da dabarar yaƙar fumfuna da bairas ta karɓu a Turai fiye da Amurka, inda ire-iren fumfunar suka yi yawa. Wanda ya zubar da farantin ya zubar da bairas ɗin ke nan.

Yanzu duk farantin da ya ƙi girma hotonsa nake ɗauka, in raba shi biyu, in sa ɗaya a firji, domin zafin Afrilu na iya korar bairas. Ba na kuma ɗebo iri daga bakin zaren kaɗai, tun da sau da yawa bairas bai kai can ba. A samfurin bana faranti ɗaya ya tsaya kamar waɗancan huɗun, kuma na riga na yi masa kwafi uku kafin a kai shi gwaji.