Kodin, sigari da ƙwaƙwalwa

A makarantar koyon haɗa magunguna an karantar da mu cewa hanta ce ke sarrafa magani, sauran jiki kuma ya karɓi abin da ta aiko. Haka ne, amma da sauran magana. Ita ma ƙwaƙwalwa tana da nata sinadaran da ke juya magani, waɗanda ake kira enzayim, ko da yake ba su kai na hanta yawa ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne CYP2D6, saboda kodin.

Kodin shi kaɗai ba wani kashe ciwon kirki yake yi ba, sai CYP2D6 ya mayar da shi mofin, wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi. Tiramadol ma sai ya bi ta hannunsa ƙarfinsa ke fitowa sosai. To, mofin yana shan wahala kafin ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, shi kuwa kodin nan da nan yake wucewa. Rachel Tyndale da abokan aikinta a Jami'ar Toronto ta Kanada sun toshe irin wannan enzayim a ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka ƙyale na hanta. Sai kodin ya rage aiki a mintunan farko, alhali mofin da ke cikin jininsu bai ragu ba. Ashe tashin farko, a cikin kai ake dafa abin.

Su ne kuma suka ba ɓeraye nikotin, wato sinadarin da ke cikin sigari, na kwana 7. Enzayim ɗin ya ƙaru a ƙwaƙwalwa, na hanta yana nan yadda yake, kodin ya ƙara kama su. Ɓera dai ba mutum ba ne, na yarda, amma da aka bincika ƙwaƙwalen mamata an tarar mashaya sigari da mashaya giya sun fi sauran mutane yawan CYP2D6.

Ga kuma gado. A Habasha an samu kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka gwada jikinsu na juya irin waɗannan magunguna da saurin gaske, wasu mutanen kuma da ƙyar suke juyawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji saurayi yana cewa, "Ai wane kwalba biyu yake sha, lafiyarsa ƙalau." Jikin wane ba naka ba ne, ɗan'uwa. Gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma ana samunsa a bayan fage, kuma a unguwarmu da wuya in ga mai kwalba ba karan sigari a ɗaya hannun.