Mambilla a Ƙarshen Oktoba, da Man Birkin da Ba a Duba Ba

Ƙarshen watan Oktoba muka tafi Gembu, garin da ke saman dutsen Mambilla, ni da maigida, ba yaro ko ɗaya. Tun da muka tare a Jalingo nake jin labarin Mambilla a bakin mutane, kowa sai ya ce min in ban hau dutsen nan ba ban ga Taraba ba, ni kuwa ko Bali ban taɓa wucewa ba. Da ya samu aka ba shi hutun ranar Juma'a, sai muka kai yara wajen kakarsu, muka tsara mu hau Juma'a, mu wuni Asabar, mu sauko Lahadi, Litinin kowa ya koma bakin aikinsa. A Serti Litinin ɗin ta same mu, kuma har yau in na tuna dalili sai raina ya ɓaci.

Ana jibi tafiya maigida ya kai motar gareji, kuma ya faɗa wa bakaniken ƙarara cewa Mambilla za mu hau. Mutumin ya juye baƙin mai, ya duba ruwan lagireto, ya sa aka ƙara wa tayu iska, ya leƙa fatar birki ya ce da sauranta. Sannan ya bubbuga motar ya ce, "Alhaji, ko Kamaru za ka wuce wannan za ta kai ka." Aka biya shi kuɗinsa cif, har da na goro. Ɗan tankin man birki kuwa, wanda ke nan a gaban idonsa da zarar an ɗaga murfin inji, ko murfinsa bai taɓa ba.

Hanyar kafin a kai dutsen ba sai na ja ba, wanda ya san ta ya san ta: Garba Chede, Bali, ramuka, sai Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Can maigida ya samu Juma'a, muka ci abinci, muka wuce Mayo Selbe, wato gindin dutsen. Daga nan labari ya canza. Titin ya fara nannaɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda in ka leƙa sai ka ga kan bishiyoyi can ƙasa. Kunnuwana suka toshe. A hawan da ake ce wa Biyu da Sisi na daina magana gaba ɗaya, sai salati. Maigida ya kashe na'urar sanyaya mota don injin ya samu ƙarfi, muka sauke gilashi, kuma kafin mu kai Maisamari ni da na baro Jalingo ina fifita da gefen mayafi na fara laluben rigar sanyi a kujerar baya.

Motar ta hau lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Har yabon bakaniken nan muka yi a hanya, abin da ya fi ƙona min rai kenan yanzu.

Saman kuwa, gani ya kori ji. Ni na ɗauka duwatsu zan tarar tsirara irin na Jos, ashe tuddai ne masu laushin gani, ciyawa shar ta lulluɓe su, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido, da layukan itacen turare a bakin ƙauyuka, da jajayen shanu masu dogayen ƙaho a warwatse. Tsayin wurin ya kai wajen mita 1,600 daga teku, shi ya sa rana ba ta da zafin da muka saba, kuma shi ya sa shanu suke ƙiba, don ƙudan tsando bai cika zama a can ba. A ƙasa mutane sun shiga kaka, ana ta girbi, ciyawa ta fara ja. A sama damina ba ta gama sallama ba. Da la'asar sai gajimare ya taso daga kwari, ya rufe titi, a yi yayyafi, ya wuce. Duk wanda ya ce maka ruwa ya ɗauke a Oktoba, ka tambaye shi ko na Jalingo yake nufi ko na Gembu.

Asubar Asabar ruwan alwala ya kusa sa ni kuka. Sai da mai masauki ya kawo mana ruwan zafi a bokiti, yana dariya, ya ce ai wannan ba sanyi ba ne, mu dawo a Disamba. Da gari ya waye muka fita ƙofa da kofin shayi, hazo ya rufe komai, ba ka ganin gidan da ke tsallaken titi. Sai muka ji takun kofato da muryar wani yaro yana kira da Fillanci. Ƙahonin suka fara bayyana tukuna, sannan kawunan, sannan yaron da sandarsa a kafaɗa, sanye da ƙatuwar rigar sanyi da ta kai masa gwiwa da takalmin roba. Ya gaishe mu ya wuce, hazon ya haɗiye su. Maigida ya ce, "Hajiya, ko a nan muka tsaya kuɗin manmu ya fita."

Shi mutum ne mai son tarihi, don haka duk hanyar zuwa Kakara ina shan karatu. Yankin nan dā ba Najeriya ba ne, Jamus ta fara riƙe shi a cikin Kamaru, daga baya Ingila ta karɓa, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen arewacin Kamarun Ingila suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar take amsawa har yau. Ni dai hankalina na kan taga.

A Kakara na ga abin da nake sha kullum ban san kamanninsa ba. Gonar shayin da ake yin Highland Tea ta bi tuddai layi-layi, an aske kan bishiyoyin daidai ƙugu. Na tsaya kusa da wata mata mai tsinka, kwando a bayanta. Hannuwanta biyu suna tafiya tare, kowanne yana ƙwace kan reshe, ganye biyu da ɗan toho, in tafin ya cika ta wurga ta kafaɗa ba tare da ta waiga ba. Yatsunta sun yi baƙi-baƙi da ruwan ganye, zaninta ya jiƙe da raɓa har cinya. Ta ce in gwada. Na tsinko da tsohon ganye, ta karɓa ta cire ta yar, ta ce wannan ɗaci zai yi. Mun so mu leƙa dajin Ngel Nyaki, inda masu bincike ke bin birai da tsuntsaye, amma aka ce mana hanyar ta yi taɓo, sai babur ko tsohuwar Land Rover, irin waɗanda har yanzu su ke jigila a can. Chappal Waddi kuwa, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya, mita 2,419, ba ta masu hutun ƙarshen mako ba ce, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da ɗan jagora.

Lahadi da hantsi muka kamo hanya, but cike da tsaraba: fiya, ayaba, dankalin Turawa buhu guda, zuma, ganyen shayi. Ga mu mu biyu, ga kaya. Muka wuce Nguroje, muka wuce Maisamari, muka fara gangara.

Maigida direba ne mai natsuwa, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya koyi tuƙi, kuma motar otomatik ce. Ya bar ta a D yadda ya saba, ƙafarsa a kan birki, yana dannawa a hankali, motar na sauka sannu-sannu. Ni har daɗi nake ji da ba ya gudu. Can sai wani ƙauri ya fara shigowa, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Na ce, "Malam, ba ka jin wani wari?" Ya ce wataƙila babbar motar da ta wuce mu ce. Kwana biyu a gaba sai na ga ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar kuma ba ta rage gudu ba. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake, ya sake. Bai ce min komai ba, amma na ga wuyansa. Ya fizgo giya ya mayar ƙasa, injin ya yi wata irin ƙara, ya riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan, Allah ya taimake mu akwai ɗan fili ta gefen bango, ya saka ta nan tayar gaba ta daki tudun ƙasa muka tsaya. Da a ɗaya gefen filin yake, da wani ne yake ba da labarin nan.

Hayaƙi na fita daga tayun gaba. Na ɗauko jarkar ruwa zan watsa, sai wata motar haya ta tsaya a bayanmu, wani dattijon direba ya fito da sauri yana ɗaga hannu. "A'a Hajiya, kar ki zuba! Ƙarfen zai lanƙwashe." Ya sa yaron motarsa ya saka mana dutse a taya, ya buɗe gaban motar, ya kwance murfin nan da ba a taɓa ba, ya tsoma tsinke ya nuna wa maigida. Man ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Alhaji, yaushe rabon da a canza wannan?" Maigida ya ce, "Wallahi Baba, shekaranjiya-shekaranjiya na fito da ita daga gareji." Dattijon ya girgiza kai kawai.

Shi ya yi mana bayanin da ya kamata a ce mun ji tun a Jalingo. Man birki yana shan danshi a hankali, shekara da shekaru. A gari ba za ka taɓa sani ba, don birkin ba ya yin zafin da zai tona asiri. Amma gangaren Mambilla, wanda a wasu wurare ya kai wajen mita 900 daga sama zuwa ƙasa, in ka sauke shi da ƙafa a kan birki, zafin fatar yana bi har cikin man, ruwan da ke ciki ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsewa yake yi, sai ka taka ka ji wayam. Da na dawo gida na bincika na ga alƙaluman: sabon mai irin DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha danshi kuwa tun a 140. Shi ya sa ake cewa a juye shi duk bayan kamar shekara biyu. Namu, tun da aka sayi motar ba wanda ya taɓa shi. Kuma kuɗin gwangwanin man bai kai na buhun dankalin da ke but ɗinmu ba.

Dattijon ya ƙara da wani abu da nake so duk mai niyyar zuwa ya riƙe. In birkin ya huce zai dawo kamar ba abin da ya faru, kuma nan ne mutane suke ruɗuwa su ci gaba yadda suka taho, sai ya sake ɗaukewa a kwanar da ba fili. Ya ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Mai otomatik ya sa ta a 2 ko L tun daga sama, ya bar injin ya riƙe motar ko da tana kuka, birki kuma a taka shi da ƙarfi a saki, kar a kwantar da ƙafa a kai. Ya jira tare da mu har ƙarfen ya huce, fasinjojinsa na ta gunaguni, sannan ya ce mu bi bayansa. Haka muka sauko Mayo Selbe a L, yana gaba muna baya. Da maigida ya miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, sai da na haɗa masa fiya da zuma na ce na iyali ne, sannan ya amsa.

Kafin mu lallaɓa zuwa Serti yamma ta yi, ga Lahadi, masu sayar da kayan mota sun rufe. Dole muka kwana. Da safe wani yaro matashi ya juye man gaba ɗaya, ya fitar da iska taya bayan taya, ya canza fatar gaba da ta ƙone ta yi ƙyalli. Ita fatar da aka ce mana da sauranta. Maigida ya kira wurin aiki yana ba da haƙuri, ni na kira kakar yara, wadda ta riga ta kira ni har ta gaji saboda ba sabis a inda muka tsaya, ta kuma riga ta tara mana 'yan'uwa da addu'a.

Ban ce kar a je ba. A je, wallahi a je, kuma a je da miji ko mata ba tare da yara ba in da hali, don rabon da mu zauna mu yi hira mai tsawo irin ta daren Asabar ɗin nan, cikin bargo da shayi, har na manta. Amma a fita da sassafe don a hau dutsen da rana, a ɗauki rigar sanyi da safa da takalmin da ba ya tsoron jar laka, a riƙe kuɗi a hannu, a sha mai a ƙasa. In son samu ne a ƙara kwana ɗaya, don hanya tana cinye Juma'a da Lahadi, Asabar kaɗai ce taka, ita ma hazo na iya karɓe rabinta. Wanda bai taɓa tuƙi a dutse ba, ba abin kunya ba ne ya ajiye motarsa a Serti ya shiga ta haya, mutanen nan kullum a kan hanyar suke. In kuwa da taka za ka hau, ka tsaya a kan bakanike da kanka, ka ce ya buɗe tankin man birki kana gani. Kar ka yarda da "na duba komai".

Da muka dawo maigida ya koma garejin da tsohuwar fatar a leda. Na so in bi shi ya hana. Amsar da mutumin ya ba shi ita ce, "Ai Alhaji ba ka ce in duba man birki ba." Ko haƙuri bai bayar ba. Shi maigida ya ce ya bar shi da Allah, ni dai na ce ko keken yara ba za a sake kai masa ba, kuma duk matar da ta tambaye ni a unguwa ina faɗa mata. Muna shirin komawa a Janairu, lokacin da hanyar Ngel Nyaki ta bushe. Ya dage shi zai sake tuƙawa, na ce sai dai in daga Serti mu ɗauki direban can, kuma har yanzu ba mu gama wannan gardamar ba.