Da hanci nake aikina

Ni ba na shan giya. Amma ina kai abinci teburi a wani gidan abinci na unguwar Plateau, nan Yamai, kuma dole in san irin giyar inabin da nake zuba wa baƙi. Hanci nawa ne, harshe kuwa na maigida, dattijon da ya tashi cikin gonakin inabi a Faransa. Shi ma kurɓa yake yi, ya juya a baki, ya tofar.

Irin da ake kira Chardonnay fari ne, asalinsa yankin Burgundi na Faransa. Wanda ya daɗe cikin gangar katako yakan yi ƙamshin man shanu. Shi nake miƙa wa mai cin giwan ruwa.

Pinot noir ne mai ba ni wahala. Shi ma ɗan Burgundi ne, ɓawon inabinsa siriri, shi ya sa jansa bai da kauri, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ba ya son zafi ko kaɗan, ga shi a Afrilu Yamai takan wuce digiri 40. Sai na ɗan sa kwalbar a firiji kafin a buɗe, ko da baƙo zai harare ni. Wasunsu gani suke jan giya ba ta shiga sanyi. To, a garinsu ke nan.

Syrah kuwa na kwarin kogin Rhône ne a Faransa, a Ostireliya Shiraz suke ce masa. Baƙi-baƙi ne, kana sunsunawa masoro ya buge ka. Maigida ya ce, "Ɗana, wannan na gasasshen rago ne." Ni dai na lura masu neman kilishi su suka fi ƙarar da shi.