Godiya ga mutanen Dingle da duk wanda ya tsaya mana

Alhamdu lillahi. Auta tana gida, numfashinta ya daidaita, ta fara cin abinci. Kun san abin da muka gani na rashin lafiyarta tun shigowar Disamba, ba ni da ƙarfin maimaita shi. Wanda ya kira, wanda ya yi addu'a, wanda ya turo abin da ya sawwaƙa, Allah Ya saka muku da alheri.

Abu ɗaya ne ba zan iya yin shiru a kansa ba. Ranar 26 ga Disamba mutanen nan garin Dingle, a yankin Kerry na ƙasar Ireland, suke fita bikin Wren, sunan wani mitsitsin tsuntsu da suke wa kirari da sarkin tsuntsaye. Gida-gida suke bi da kiɗa da waƙa suna karɓar kuɗi, kamar tashenmu na azumi, sai dai su har da manya, sun rufe jiki da fuska da rigar karan hatsi. A da tsuntsun ake kamawa a ɗaura a reshe a zaga da shi. Yanzu an bar wannan, kuɗin ma galibi taimako ake yi da su.

Da azahar sai ga ganga da sarewa a ƙofarmu. Auta ta hango su ta taga, ta ƙanƙame ni, ƙirjinta ya fara wannan ƙugin. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, sai mun koma asibiti. Babbansu ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak. Ya cire abin da ya rufe kansa, yana tsaye cikin yayyafi, ashe maƙwabcinmu ne mai gyaran famfo, wanda ya kai mu asibiti a garin Tralee cikin dare. Ya durƙusa daidai tsayinta, ya sa yaro ɗaya ya busa mata sarewa a hankali har ta saki rigata ta yi murmushi. Da za su tafi ya cusa wa maigidana ambulan a hannu.

Ya ce kada in faɗa, to na faɗa. Shi da matarsa, da tsohuwar nas ta gidan kusurwa da ta riƙe mini manyan yaran, Allah Ya ba ku lafiya, Ya raya zuri'arku, Ya tsare ku daga ganin irin daren da muka gani.

'Yan uwa na Dublin, mun ga saƙonninku. Mun so a ce mun ga fuskokinku, ko sau ɗaya ne. Allah Ya bar zumunci, Ya bai wa sauran yaran da muka baro a gadon asibiti lafiya. Amin.