Idan yaro ya dawo daga gidan gyaran hali

Yaro ɗan shekara 16 in ya dawo ƙauye, makon farko ne mai wuya. Ya saba kwanciya da tashi bisa umarni, yanzu ba mai ce masa komai, sai kallo. Kada a bar shi zaman dandali, can abokansa masu sholisho suke jiransa. Kawunsa ya kai shi gaban mai unguwa da liman, a nemi afuwar wanda aka yi wa laifi. A yanka masa gayauna, ko a haɗa shi da mai gyaran babur. Kuɗi a hannu kam, tukuna. Inda ake yin ɓarna: akuya ta ɓata ranar kasuwa, kowa ya waiwayi gidansu tun ba a bincika ba.