Ranar da autanmu ya zama Ba'amurke

Asabar. Da hantsi bidiyon ya shigo ta WhatsApp, muna tsakar gida ana shan koko. Autanmu ne a Greensboro, wani birni a Amurka, ya sha kwat, ya ɗaga hannun dama, ga 'yar tuta a ɗayan hannun. Jiya ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasar Amurka. Inna ta karɓi wayar ta kai ta daf da ido, ba tutar ta dame ta ba, cewa ta yi yaron nan ya rame, kuma ina hularsa?

Baba ne ya ce in faɗa masa abin da suke maimaitawa a bayan jami'in. Na faɗa masa ban rage ba: mutum zai ce ya saki biyayya ga duk wata ƙasa ko wani sarki da yake ƙarƙashinsa a da, kuma zai ɗauki makami don Amurka in doka ta nema. Baba ya ajiye ludayi. Ya ce, "A 2024 aka sallami sojojinsu daga Agadas, ashe ni kuma ɗa na ba su." Ya shura takalmi ya fita.

Ni ma abin ya tsaya mini a rai, ban ɓoye ba. Amma na san abin da yaron ya sha. Shekara biyar sai ka yi da katin zama kafin ka nema, ga jarrabawar tarihi da tsarin mulkinsu, ga ta Turanci, shi da ya yi lakwal da Faransanci. Kuma tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, Amurka ma ba ta karɓe tsohon fasfonka a hannu. A takarda dai har yanzu ɗan Nijar ne.

Bayan la'asar na bi ta babbar kasuwa wajen kawu, ƙanen Inna. Da na ba shi labari dariya ya yi har da tafa hannu. Ya ce, "Ɗana, je ka tambayi babanka, 'yar'uwarsa da ke aure a Jibiya takardar wace ƙasa ce a hannunta? 'Ya'yanta fa?" Gaskiyarsa. Mu Maradawa ai mu ne na ƙarshe da za mu yi wa wani gorin takarda. Kakanninmu Katsinawa ne da suka baro Katsina bayan jihadi, har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Faransa da Ingila suka zo daga baya suka ja layi tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, wa ya tashi a wannan ɓangare, ƙane a wancan. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023, gwaggon nan tawa ta yi rashin miji, sai ta daji aka bi a kan babur aka je gaisuwa. Ko fasfon namu ma, tun da aka fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 aka ce za a koma na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso.

Duk da haka ban yarda da kawu gaba ɗaya ba. Wanda ke Jibiya ko Katsina tuwonmu ɗaya, in an yi rasuwa da safe zai iso kafin azahar. Na Greensboro fa? Ɗiyarsa in aka haɗa ta da Inna a waya, "sannu" kaɗai take iya faɗa, sauran sai dariya, Inna kuma ta yi ta kiran sunanta. A ganina wannan ne ke cin Baba, rantsuwar kawai ya samu ya rataya wa fushinsa.

Bayan isha'i autan ya kira. Baba ya ƙi karɓa da farko, Inna ta tura masa wayar a hannu. Ina daga zaure ina jin su. Bai yi masa barka ba, bai kuma yi faɗa ba. Tambayarsa ya yi ko filin da ya saya a unguwar Zariya yana nan kan niyyar ginawa, don siminti ya ɗan sauka. Autan ya ce a fara zuba yashi, zai turo kuɗi ƙarshen wata. Gobe ni aka ɗora wa neman mai tifa.