Jan da ke fuska ba duka ake kashewa ba

Lokacin da na fara editin hotunan mutane, wallahi duk inda na hango ja a fuska sai in far masa. In buɗe manhajar gyaran hoto ta Lightroom, in shiga HSL, wato wajen da ake gyara kowane launi shi kaɗai, in ja ƙarfin jan nan ƙasa har ƙarshe ina jin ai na iya. Rannan wata baiwar Allah ta karɓi hotonta, ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Malam, ai kamar wadda ta taso daga jinya." Kuma gaskiyarta, leɓe ya koma toka-toka, kumatu ba alamar jini.

Daga nan na gane fata dai, ko baƙa ko fara, launinta tsakanin ja da ruwan lemo yake zaune, ka taɓa su da garaje ka taɓa mutum ɗungurungum. Abin da ke damun ido rashin daidaito ne, hanci da kunnuwa da yatsu sun fi goshi ja, shi kenan. Yanzu a manhajar Photoshop sai in ɗora leyar Hue/Saturation, wato shimfiɗar gyaran launi da ake ɗorawa a kan hoto, in zaɓi Reds, wato jajaye, in cilla ƙarfin launin zuwa +100 da gangan don wuraren da jan ya taru su fito ɓaro-ɓaro, in matse zangon jan da na zaɓa har ya rage su kaɗai, in mayar da ƙarfin launin sifili sannan in karkata launin kaɗan wajen rawaya, kaɗan fa, in ka zarce mutum ya dawo kamar mai shawara. Leɓe kuwa goge gyaran nake daga kansa da buroshi.

Sau da yawa ma laifin ba na fatar ba ne, na haske ne. Hasken rana wajen 5500 yake a Kelvin, ma'aunin launin haske, tsohon ƙwan fitila mai zafi kuma wajen 3200, in kyamara ta rikice tsakaninsu kowa sai ya yi jawur. Ko jar riga ta haska ƙarƙashin haɓa. Shi ya sa nake fara saita launin hasken tukuna, kuma RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton kyamara, don hoton JPEG da aka saba mataki 256 kacal gare shi a kowane launi, da ka matsa masa sai ya fara tsattsagewa.

Masu cewa a ƙara musu hasken fata kuma, hmm, na taɓa biye wa wani, fuska ta yi fari wuya da hannu suka tona asiri. Baƙar fata sheƙinta ne kyanta, maiƙon goshi kawai nake ragewa, ƙofofin gashi kuma ina barinsu don kar ya zama 'yar tsanar roba.

Ido ma maƙaryaci ne, minti 20 kana kallon fuska ɗaya ya saba da kowace ɓarna. Sai in tashi in zaga, in dawo in kashe leyar in kunna, yawanci rage ƙarfinta nake zuwa rabi.